Yadda Ake Neman Tsohon Gidan Kaka a Gwanja

Wanda zai tashi daga karkarar Kano ko Jigawa zuwa Gana neman gidan kakansa falken goro, ya fara zama da tsofaffin gida, ya rubuta sunan kakan da laƙabinsa da maigidan da yake sauka wurinsa, domin a zango laƙabi ya fi suna daɗewa a bakin mutane. Ya tanadi fasfo da katin rigakafin cutar shawara. Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza. Idan ya isa Salaga, tsohuwar kasuwar goro ta ƙasar Gwanja a arewacin Gana, kada ya shiga tambaya gida-gida, ya fara gaida sarkin zango da liman, da ɗan goronsa a hannu. In gidan bai samu ba, ya nufi Kete Krachi ko Kumasi, saboda yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa fatake da yawa zuwa can.