Yadda za ka sa kuɗin data ya dawo aljihunka

Shekarar farko da babbar waya ta shigo gidanmu asara muka tafka, ba mu ma sani ba. Duk mako a sayi data, a kai caji, da dare yara su zagaye ta suna kallon bidiyo, ni ma ina leƙe ta bayansu. Ranar da na buɗe littafin lissafin gona na ja layi a tsakiyar shafi, hagu abin da waya ta ci, dama abin da ta kawo, sai ga hagu ya cika har na juya baya, dama kuwa fayau. To ɗan'uwa, kai ma fara da wannan layin. Rubuta data, caji, gyaran gilashi, da abin da ake yanka idan ka cire kuɗi. A dama kada ka rubuta komai sai abin da za ka iya ƙirgawa.

Abin da kowa ke fara faɗa shi ne waya za ta sanar da kai farashi. Gaskiya ne, amma sanin farashi ba ya zama kuɗi sai in kana da inda za ka juya. Masanin tattalin arziki Robert Jensen ya bibiyi masunta a jihar Kerala ta Indiya daga 1997 zuwa 2001, lokacin da wayar salula ke isa gaɓar tekunsu. Kafin nan mutum kan shigo da jirgi kasuwar da ya saba, ya tarar ta cika maƙil, kamun ya lalace a zubar, alhali kasuwar gaba ana nema ido rufe. Da waya ta zo sai su riƙa kira tun suna kan ruwa. Zubarwa ta kau, ribar masunta ta ƙaru da kusan kashi 8 cikin 100, masu saye kuma suka samu rangwamen kusan kashi 4. Ko intanet babu a ciki, kira ne kawai. Amma a jihar Maharashtra, inda aka riƙa tura wa manoma farashi ta saƙon waya, binciken Marcel Fafchamps da Bart Minten na 2012 bai ga wani canjin a zo a gani ba a kuɗin da manoman ke karɓa. Yawancinsu kasuwar da suka saba suka ci gaba da kai kaya. Jirgi yana iya karkata akala a tsakiyar ruwa. Manomin da ya riga ya ci bashin ɗan kasuwa tun lokacin shuka, ko ya ji farashin duniya, hannunsa a ɗaure yake.

Saboda haka kafin ka nemi farashi, tambayi kanka: kayana za su jure jira? Ina da abin da zai kai su wata kasuwa? Na riga na yi wa wani alkawarinsu? In amsar ta yi daɗi, nemi mutum ɗaya amintacce a kasuwanni uku. Kada ka ce masa "nawa ake sayarwa", don zai ba ka kuɗin da ake yi wa kaya suna ne. Ka ce "nawa aka saya yau, wane iri, da wane awo". Sannan ka cire kuɗin mota, na 'yan dako, la'ada, da yinin da za ka ɓata. Sau da yawa ratar da ta ɗaga maka hankali a waya takan narke a hanya. Ko da hakan ta faru ba ka yi aikin banza ba, domin mai sayen da ya zo ƙofar gidanka zai gane daga bakinka cewa ka san abin da ake ciki.

Kuɗin mota shi ke kashe ƙaramin manomi, maganinsa kuwa haɗa kai. Mu shida muka buɗe rukuni a WhatsApp, dokarsa guda: ba gaisuwar safe, ba siyasa, ba bidiyon ban dariya. Wanda ke da kaya ya faɗi yawansu da ranar da za su shirya, in sun isa cika mota a kira direba. Wanda bai iya rubutu ba ya tura murya. Wannan rukunin shi ya fara sa wa shafina na dama tawada.

In za ka tallata kaya, ɗauki hoto da hasken safe, ka sa hannunka a ciki don a ga girma, ka nuna har da mai aibi. Mai sayen da ya buɗe buhu ya tarar da abin da ya gani a hoto, shi zai kira ka baɗi.

Sai maganar karɓar kuɗi, wadda a ganina ta fi ta farashi nauyi. A Kenya an fara M-Pesa, tsarin turawa da karɓar kuɗi ta waya, a 2007, kuma binciken Tavneet Suri da William Jack na 2016 ya kiyasta cewa ta fitar da gidaje kusan 194,000 daga talauci, wato kashi 2 cikin 100 na gidajen ƙasar. Amfanin ya fi fitowa a gidajen da mata ke riƙe da su. Abin da na ɗauka daga nan shi ne mai sana'a ya riƙe asusunsa da sunansa. Tunda uwargida ta samu nata layin, cinikinta ya daina bi ta aljihuna, kuma (in faɗi gaskiya) ya daina raguwa a hanya.

A nan ne kuma na sha duka. Wani baƙo ya turo mini hoton shaidar biya, da sunana da komai, direba na ta matsa hon, na ce a loda. Har yau kuɗin ba su iso ba. Hoto ba kuɗi ba ne, saƙon shigar kuɗi ma ana ƙirƙirarsa. Shiga asusunka da kanka ka ga adadin ya ƙaru kafin buhu ɗaya ya bar ƙofa. Lambar sirri da lambar da ake turowa ta tabbatarwa, ko wanda ya kira ya rantse daga banki yake, kada ka karanta masa. Manhajojin bashin gaggawa, caca, da masu cewa zuba kaɗan ka kwashi ninki, duk hagu suke zama.

Bidiyon koyon noma da sana'a akwai masu amfani, amma duba ko ƙasar mai maganar da ruwan samansa irin naka ne. Gwada a kunya biyu kafin ka game gona.

Wahalar sabis kuma ba kai kaɗai ba ne. Alƙaluman hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 sun nuna a faɗin duniya kashi 83 cikin 100 na mutanen birni suna amfani da intanet, a karkara kashi 48. Nemo wurin da sabis ke kamawa sosai, ka tara buƙatunka ka je sau ɗaya, ka sauke abin da za ka kalla ka dawo da shi gida. Kashe saukar hotuna da bidiyo ta kai tsaye, ka hana manhajoji sabunta kansu sai da izininka.

Ƙarshen wata, kafin ka haɗa lissafin shafin, shiga saitin wayar wurin da ke nuna abin da kowace manhaja ta sha. Ranar da na fara dubawa na shirya yi wa yara faɗa, sai na tarar wadda ta fi kowacce shan data ita ce wadda ni kaɗai nake buɗewa bayan kowa ya kwanta.