Ɗalibin Zanen Katun da Zai Je Annecy Karon Farko

Idan kana karatun zanen katun a Garwa ko Marwa kuma ka ƙudura zuwa bikin fina-finan katun na garin Annecy a Faransa, wanda ake yi a watan Yuni tare da MIFA, kasuwarsa inda masu sana'ar ke haɗuwa, fara da biza. Ana karɓar takardun neman bizar Shengen, wadda ake shiga Faransa da ita, tun wata 6 kafin tafiya, kuma dole inshorar lafiyarka ta zama mai iya biyan kuɗin magani na aƙalla Yuro 30,000. Yi rajistar bikin a matsayin ɗalibi, ka kama masauki da wuri, domin garin ƙarami ne, ɗakuna kan ƙare.

Gajeren bidiyon samfurin ayyukanka, wanda za ka nuna wa masu ɗaukar ma'aikata a can, shi ne jarinka. Kada ya wuce minti 1 da rabi, kuma mafi kyawun aiki ya zo a daƙiƙa 10 na farko, don mai ɗaukar ma'aikata ba ya jiran ƙarshe. Rubuta abin da ka yi da hannunka a kowane yanki. Aikin haɗin gwiwa da ba a fayyace ba yana jawo shakku. Ajiye shi MP4 a waya da filashi, kada ka dogara da intanet ɗin zauren, cunkoso kan kashe shi.

In an yi maka gyara, rubuta, kada ka yi gardama. Tura saƙon godiya cikin kwana 2, kafin a manta fuskarka.