Yadda Za Ka Ɗauki Fim a Kan Zanen Bango

Ka ɗauki fim ɗin bangon tun yau. Kada ka ce sai gobe in haske ya yi kyau, don ni na taɓa tafka wannan wautar. Akwai wani zanen fuskar tsohuwa a jikin wani sito, idonta ɗaya ya faɗa daidai kan fasasshiyar taga, sai ka rantse daga ciki take leƙenka. Sau biyu ina zuwa ina auna inda rana ke faɗawa, na ce sai Asabar. Ran Asabar na iske bango fari fat, mai ginin ya sa an shafe, fentin ma bai gama bushewa ba. Abin da na tsira da shi hoto ɗaya ne a waya, shi ma a karkace. Tun daga ranar, duk bangon da ya tsayar da ni sai na kafa kyamara na ba shi minti biyu cur ba motsi, mutane suna ratsawa ta gabansa. Wanda ya tsaya, wanda ya wuce bai ko ɗaga kai ba, yaron da ya miƙa hannu ya shafa, duk za su yi maka amfani wajen haɗa fim.

Kada ka raina sauti. Gwangwanin fentin feshi yana da 'yar ƙwallo a ciki, in an girgiza sai ta riƙa ƙaras-ƙaras kafin feshin ya biyo. Matso da makirufo kusa, ka sa masa soso, don in iska ta cika shi aikin ranar ya tashi a banza.

Mai zanen kuwa, ka fara tambayarsa ko yana so a ga fuskarsa. A ƙasashe da yawa yin zane a bangon wani ba izini laifi ne. In ya ce a'a, ɗauki hannuwansa da bayansa, ka kula da lambar mota da duk wata alama da za ta tona shi, kuma ka nuna masa fim ɗin kafin ka sake shi.

Inda mafi yawan masu wannan aiki ke zamewa shi ne maganar daraja. Sai su zaunar da masani a gaban littattafai su ce ya faɗa musu abin da ke sa zane ya yi tsada, shi kuma ya yi ta zuba har mai kallo ya fara hamma. Alhali labarin yana nan a fili. A Oktoban 2013 Banksy, shahararren mai zanen bango na Birtaniya da ke ɓoye kansa, ya sa wani dattijo ya baje zanukansa na ainihi a bakin Central Park a New York, kowanne dala 60. Wunin ranar cinikin dala 420 aka yi. A 2018 aka yi gwanjon zanensa na yarinya da balan-balan a ɗakin gwanjo na Sotheby's da ke Landan kan fam miliyan 1 da 'yan kai, ana buga guduma injin da ya ɓoye cikin firam ya tsattsaga rabinsa. Wannan yagaggen aka sake sayarwa a 2021 kan sama da fam miliyan 18. Hannu ɗaya ne ya yi na bakin titi da na ɗakin gwanjo. Ni dai a ganina sunan mai zane da labarinsa ake saye, zanen biyo baya yake yi.

Amma kuɗin gwanjo ba shi ke nan ba. A 5Pointz, wani gini da ya shahara da zanen bango a unguwar Queens ta New York, mai ginin ya shafe zanuka da farin fenti cikin dare a Nuwamban 2013, sai a 2018 alƙali ya umarce shi ya biya masu zane 21 dala miliyan 6.75, kan zanukan da suke jikin bangonsa na kansa.

To ka nemi mutum huɗu: mai zanen, mai bangon, maƙwabcin da ke ganinsa kullum, da dillalin zane in ka samu. Tambaya ɗaya za ka yi musu: "In aka wayi gari an shafe shi, me ka rasa?" In ka tambaya ka yi shiru, ko da shirun ya yi tsawo, kada ka taya su. Wajen haɗawa ka jera amsoshin kusa da juna, kada ka ɗora muryarka a kai kana sharhi.

Kafin ka naɗe kaya, yi alama da alli ko ɗigon fenti a inda ƙafafun kyamara suka tsaya, ka rubuta ƙarfe nawa ne. Bayan wata ɗaya ka dawo ka tsaya daidai wurin, ka sake ba bangon minti biyunsa, ko ka iske zanen, ko wani ya yi nasa a kai, ko an manna masa takardar talla.