Yadda Ake Sa Makunnin Zamani Ya Sauya wa Amfilifaya Hanyar Sauti

Wasu mutane a unguwannin Nima da Mamobi na birnin Accra suna sayen fulogin zamani, wato wanda ake kunnawa da kashewa daga wayar hannu, irin na Sonoff ko Tuya da zaton zai riƙa juya musu amfilifaya daga talabijin zuwa Bluetooth. Aikin wannan fulogi ɗaya ne, ya ba da wuta ko ya yanke ta. Zaɓen hanyar da sauti zai shigo, ko AUX ko Optical ko rediyo, aikin rimot ne. Saboda haka abin da za ka nema a shagunan Circle ko Zongo Lane shi ne ƙaramar na'urar da ke kwaikwayon rimot, kamar Broadlink RM4 mini ko takwararta ta Tuya, wadda ke aika hasken infirared da ido ba ya gani. Ina ba da shawarar ka sayi makunnin bango na zamani da wannan na'urar daga kamfani ɗaya, domin manhaja ɗaya ta riƙe su duka.

Ka ajiye na'urar inda take fuskantar amfilifayar, domin haskenta ba ya ratsa bango ko ƙofar katako. Wajen haɗa ta da Wi-Fi, ka tabbata wayarka tana kan 2.4GHz, don galibin waɗannan na'urori ba sa kama 5GHz. Daga nan sai ka shiga sashen koyon maɓalli a manhajar, ka nuna mata rimot ɗinka, ka danna maɓallin da kake so, ka raɗa masa suna.

Idan kowace hanya tana da maɓallinta a jikin rimot, aiki ya yi sauƙi. Wahalar tana ga rimot mai maɓalli ɗaya da ke zagaya hanyoyin bi da bi, domin na'urar aikawa kawai take yi, ba ta san inda amfilifayar ta tsaya ba. Da zarar yaro ya taɓa rimot ɗin da hannu, lissafi ya rikice, ka nemi sautin dikoda ka ji rediyo. Maganinsa shi ne ka fara umarnin da maɓallin da ke kai wa wuri sananne, kamar na FM ko na Bluetooth idan yana nan daban, sannan ka ƙirga dannawar da za ta kai ka inda kake so, kana barin daƙiƙa 2 tsakanin kowace dannawa.

Sai ka haɗa wannan jerin umarni da makunnin bango, yadda taɓawa ɗaya za ta kunna fulogi, ta jira amfilifayar ta farka, sannan ta zaɓi hanya. Yawancin makunnan bango na zamani suna buƙatar wayar nutiral, wato wadda wuta ke komawa ta cikinta, kuma wutar Ghana bolt 230 ce, don haka ka bar ɗaurin ga ƙwararren mai gyaran wuta.

Akwai saitin da bai kamata ka tsallake ba, wato halin da fulogi zai koma bayan an dawo da wuta. Ka sa ya zauna a kashe, domin idan ECG, kamfanin wutar lantarki na Ghana, ta maido da wuta cikin dare kada amfilifayar ta tashi da kanta. A jerin kunna kayan sauti ka sa amfilifayar ta zo ƙarshe, a na kashewa kuma ta zo farko, don kada bugun sauti ya lalata lasifika. Kada kuma ka yar da rimot ɗin, domin irin wannan haɗi yawanci ta intanet yake bi, ran da data ta ƙare makunnin ba zai sauya hanya ba.