Yadda ɗalibin aikin jinya zai san magani kafin ya miƙa wa majinyaci

Ɗalibai da yawa sukan tasa littafin magunguna a gaba su yi ta haddar suna bayan suna, jarrabawa na wucewa komai ya bi iska. Alhali magunguna dangi-dangi ne. In ka gane gidan da magani ya fito, ka san aikinsa da ɓarnar da yake iya yi, ka kuma san abin da za ka auna kafin ka bayar.

Mataki na farko: duba ƙarshen sunan

Nemi sunan asali a jikin kwali, wanda galibi ake rubutawa ƙarƙashin sunan kamfani. Masu ƙarewa da -olol, irin su atenolol da propranolol, suna rage gudun zuciya su sauke hawan jini, kuma propranolol kan tayar wa mai asma da ciwonsa. Masu -pril, kamar lisinopril, sukan jawo busasshen tari mai naci, kuma ba a ba mai ciki. Amlodipine da 'yan uwansa masu -dipine kan kumbura ƙafa. Mai -cillin kuwa ɗan gidan fenisilin ne.

Mataki na biyu: riƙe abin da ake aunawa

A ganina nan ne aikin yake. Kafin ka ba babba digoxin, maganin ciwon zuciya, ƙirga bugun zuciyarsa minti guda cur. In bai kai 60 ba, dakata ka sanar da sista ko likita. Ka lura in yana shan Lasix, maganin da ke ƙara fitsari, tare da shi, domin Lasix na zubar da sinadarin fotasiyam ta fitsari, ƙarancin fotasiyam kuma shi ke sa digoxin ya zama guba: tashin zuciya, amai, ganin abubuwa sun koma rawaya.

Morphine, pentazocine da tramadol, magungunan rage zafin ciwo masu ƙarfi, numfashi suke dannewa. In numfashin babba ya gaza 12 a minti, kada ka ƙara, ka kuma san inda ake ajiye naloxone, makarinsu. Gentamicin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, ƙoda da kunne yake taɓawa, don haka sa ido kan yawan fitsari da ƙorafin jiri ko ƙarar kunne.

A ɗakin haihuwa za ka haɗu da magnesium sulphate, maganin jijjigar masu ciki. Yana ceton rai sosai, amma in ya taru a jini yakan tsayar da numfashi. Kafin kowace allura ta gaba a duba abu uku: in an ƙwanƙwasa ƙasan gwiwa ƙafar na zabura, numfashi ya kai 16 a minti, fitsari kuma ya kai mililita 30 a awa. Ɗaya ya gaza, a tsaya. Calcium gluconate ne makarinsa, ya kasance kusa da gado, ba a kulle cikin kabad ɗin da mai makullinsa ya tafi salla ba.

Mataki na uku: tambayi mai jikin

"Baba, akwai maganin da ka taɓa sha jikinka ya yi bori, ko leɓenka ya kumbura?" Tambayi kuma abin da ya saya a kemis da jiƙon da aka kawo masa daga gida. Mutum kan yi wata yana haɗiyar diclofenac ko ibuprofen don ciwon gaɓoɓi bai ɗauke su magani abin faɗa ba, alhali su ne ke tayar da gyambon ciki su gajiyar da ƙoda. Farasitamol ma kada ya wuce giram 4 a yini ga babba, saboda hanta, kuma yana ɓoye cikin magungunan mura da yawa.

Mataki na huɗu: tantance a bakin gado

Majinyacin, maganin, adadin, hanyar bayarwa da lokacin, duka biyar su dace da abin da ke cikin kati. Kada ka tambaya "Ke ce Aisha?", sai dai "Mama, ya sunanki?", domin a ɗaki ɗaya ana iya samun Aisha uku. Rubutun likita in bai karantu ba, a koma a tambaye shi. Insulin sai an auna suga an kuma tabbatar abinci na kusa. Potassium chloride ba a taɓa tura shi tsantsa a jijiya, zuciya yake tsayarwa. Sai an tsarma shi cikin ruwan ƙari ya riƙa ɗiga a hankali.

Mataki na biyar: faɗa masa abin da zai gani

Mai tarin fuka da ba a gaya masa rifampicin na mayar da fitsari ja ba, zai ɗauka jini ne ya watsar da maganin. Mace kuma a sanar da ita cewa yana rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa. Flagyl na barin ɗanɗanon ƙarfe a baki. Lasix da safe ya fi, don kada a kwana ana zaryar banɗaki.

Mataki na shida: rubuta, sannan ka dawo

Sa hannu a kati bayan ka bayar, ba kafin nan ba. Ka leƙo bayan 'yan mintoci, musamman in allurar farko ce ta maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ka ga fuska ta kumbura, numfashi na sarƙewa, jiki ya feso da bori, tsayar da maganin ka kira taimako nan take. Adrenaline ake yi a tsokar cinya, miligiram 0.5 ga babba. In hankali ya kwanta a rubuta sunan maganin ɓaro-ɓaro a bangon foldar majinyacin, sannan a cike fom ɗin rahoton illar magani mai launin rawaya da ake turawa hukumar NAFDAC.