Wane fayil manaja za ka sa ma tsohuwar kwamfutarka?

Jama'a masu tsofaffin kwamfutoci, musamman mu nan Gusau da Ƙauran Namoda da har yanzu za ka shiga shagon buga takardu ka iske Pentium III ko Pentium 4 na aiki da Windows XP ko ma 98, da kuma masu sha'awar DOS (tsohon tsarin kwamfuta da ake buga ma umarni da kibod) da ke tada injinan da anka jingine, maganar fayil manaja nike son mu yi. Wato manhajar da kake buɗe folda da ita, ka kwafi fayil, ka matsar, ka goge, ka canza suna. Mutane na raina ta amma ita ce hannunka ke kai kullum, in ba ta dace da injin ba to komi sai ya yi maka nauyi.

Ni dai shawarata kullum guda ce, ka fara duba injin kafin ka duba manhaja. In DOS ne ka buga VER ka ga wane iri ne, ka buga MEM ka ga ram nawa ya rage. DOS na da wata iyaka ta kilobait 640 wadda shirye-shirye ke zama cikinta, ko da kana da megabait 64 a inji wannan 640 ɗin ita ce ake rububi a kai, to duk fayil manajan da ya zauna ya cinye wuri mai yawa, wasanninka da sauran shirye-shirye za su riƙa cewa babu isasshen memori. In Windows ne ka danna dama kan My Computer ka shiga Properties, nan za ka ga ram da irin Windows ɗin.

Abu na biyu da za ka duba shi ne yadda anka tsara had disk ɗin. MS-DOS 6.22 na 1994 tsarin disk na FAT12 da FAT16 kaɗai ya sani, kuma rabo ɗaya bai wuce gigabait 2, bai ganin FAT32 balle NTFS. FAT32 sai 1996 ya zo cikin Windows 95 OSR2. Na faɗi wanga ne don kada ka sa manhaja ka ga disk bai fito ba ka ce laifinta ne, fayil manaja abin da DOS ya nuna mashi shi yake gani. In kana son DOS mai ganin FAT32 ka nemi FreeDOS, wanda Jim Hall ya fara a 1994, kyauta ne kuma har yanzu ana fitar da sabo.

To mu zo ga zaɓin kanshi. A DOS kusan duk masu kyawun 'ya'yan Norton Commander ne, wanda John Socha ya rubuta ya fito a 1986. Sikirin shuɗi rabe gida biyu, hagu folda ɗaya dama wata folda, ka danna Tab ka tsallaka daga wanga gefe zuwa wancan, F3 ka leƙa cikin fayil, F4 ka gyara, F5 kwafi zuwa ɗaya gefen, F6 matsarwa ko canza suna, F7 sabuwar folda, F8 gogewa, F10 ka fita. Insert na zaɓar fayiloli da yawa, Alt da F1 ko F2 na canza disk. Wallahi in ka haddace waɗanga maɓallan ka huta, don mafi yawansu su ne dai za ka iske a Volkov, a DOS Navigator, a Far, a Total Commander, har Midnight Commander na Linux da Miguel de Icaza ya fara a 1994. Kuma ga mu nan da ƙurar hunturu ke shiga ko'ina, tsohon maus mai ƙwallo a ciki kullum cikin maƙalewa yake, manhajar da kibod kaɗai ya ishe ta ba ƙaramin sauƙi ba ce.

In injinka ƙarami ne ƙwarai, mai furosesa 286 ko 386 ko wanda kake tadawa da fulofi, ka ɗauki Volkov Commander. Wani ɗan Yukuren ne Vsevolod Volkov ya rubuta shi da yaren shirya manhaja na asembili, bai kai kilobait 100 ba, yana buɗewa nan take kuma fulofi mai megabait 1.44 zai ɗauke shi ya bar maka wuri mai yawa na sauran kayan gyara. Ni shi na fi amincewa da shi in ana maganar fulofin ceto, wanda kake ajewa don ranar da inji ya ƙi tashi. In kuwa 486 ne zuwa sama da ram mai ɗan dama, DOS Navigator ya fi kayan aiki, na kamfanin RIT ne a Moldoba, ya fito 1991, yana shiga cikin zip da rar kamar folda ce, yana da edita mai kyau da kalkuleta har da ɗan wasa a ciki, daga baya anka saki lambar shi kyauta mutane sunka ci gaba da gyarawa. Akwai XTree na 1985 ga wanda ya fi son ya ga foldoji jere reshe-reshe, yana da masoya sosai, amma ni gida biyun nan ya fi min saurin aiki. DOSSHELL da ya zo da MS-DOS 4.0 a 1988 kuwa, in shi kaɗai ke gare ka ka yi amfani da shi kafin ka samu wani.

Yanzu wurin da nike son ka natsu shi ne maganar dogon suna, don nan ne mutane ke asarar aiki. DOS na asali harafi 8 yake yarda da shi a suna sai digo sai harafi 3. Windows 95 ne ya kawo dogayen sunaye har harafi 255, amma a ƙarƙashi yana aje gajeren suna, shi ya sa Program Files ke fitowa PROGRA~1 a DOS. To ka ce kana da foldar takardun ɗalibai, "Sakamakon jarabawa zango na farko", "Sakamakon jarabawa zango na biyu", ka tada inji da DOS zalla ka kwafe su da tsohon Norton ko tsohon Volkov zuwa wani disk, abin da za ka iske can shi ne SAKAMA~1 da SAKAMA~2, abin da ke ciki na nan lafiya lau amma sunan ya tafi, sai ka buɗe ɗaya bayan ɗaya ka gane wanne ne wanne, in fayil ɗari uku ne ka ga aiki ya same ka. Maganin shi abu biyu ne kuma dole su haɗu, ka loda DOSLFN, ƙaramar manhajar da ke sa DOS ya gane dogon suna, kafin ka buɗe manajan, sannan manajan kanshi ya zan wanda ya san dogon suna, kamar Necromancer's DOS Navigator. Kafin ka taɓa kayan mutane ka yi gwaji, ka ƙirƙiri fayil mai dogon suna ka kwafe shi ka duba can gefen ka ga ko sunan ya iso cikakke. Haka kuma sunaye masu ƙ da ɗ da ɓ, DOS da Windows 98 ba su san su ba, sai su koma alamar tambaya ko fayil ɗin ya ƙi buɗuwa, don haka duk fayil ɗin da zai ratsa tsohon inji ka rubuta sunanshi da k da d da b kawai.

Ga masu Windows 95, 98 da XP ba na dogon tunani, Total Commander. Christian Ghisler ne ya fara shi a 1993 da sunan Windows Commander, a 2002 anka canza suna, kuma mai bit 32 ɗin har yanzu yana aiki tun daga Windows 95, akwai ma tsohon mai bit 16 na Windows 3.1. Ba kyauta ba ne, na gwaji ne na wata ɗaya, yana buɗewa da ɗan akwati ya ce ka danna 1 ko 2 ko 3, in da hali ka biya mai shi don ya cancanta. Abin da ya sa nike matsa ma masu shagon buga takardu su sa shi, cutar nan ta filash mai ɓoye fayiloli ta bar maka shotkot. XP tun Afrilun 2014 Microsoft ta daina ba shi kariya, kuma filash ɗin kwastomomi na shiga na fita duk yini. A Total Commander ka shiga Configuration, Options, Display, ka kunna nuna ɓoyayyun fayiloli, sai ka ga ainihin foldojin suna nan an ɓoye su ne kawai, ka kwafe su da F5 ba tare da ka danna shotkot ɗin ba, don danna shi ne ke tada cutar. Yana kuma kwatanta folda biyu ya nuna maka abin da ke nan babu can, wanda ke da amfani ƙwarai in wuta ta ɗauke ana tsakar kwafi ba ka san inda anka tsaya ba. Far Manager na Eugene Roshal, mutumin da ya yi WinRAR, shi ma yana da kyau ga mai son shuɗin sikirin cikin Windows, sai dai a 98 tsohon Far na jerin 1 za ka nema, sababbin ba su tashi can.

In ka zaɓa, ka yi mashi folda tashi, misali C:\VC, ka ƙara ta cikin layin PATH a AUTOEXEC.BAT, fayil ɗin da DOS ke karantawa in inji ya tashi, don ka iya kiran shi daga ko'ina, in kana so ka rubuta sunanshi a layin ƙarshe ya riƙa buɗewa da kanshi duk sanda inji ya tashi. Amma ka kwafi AUTOEXEC.BAT ɗin ka aje gefe kafin ka taɓa shi. Kada ka kashe tambayar tabbatarwa ta F8, a DOS babu kwandon shara, UNDELETE na iya ceto wani lokaci in ba a rubuta komi a wurin ba, amma ba abin dogaro ba ne. In kana da laftof na zamani ka sa DOSBox, manhajar da ke kwaikwayon DOS, ka gwada biyu ko uku a ciki tukuna, ka ga wanda hannunka ya fi sabawa da shi, sannan ka ɗauke shi a CD ko fulofi ka kai ma tsohon injin.