Darasi na Bakwai: Idan Hatsarin Mota Ya Taɓa Murya

A cikin maƙogwaro akwai wasu tantani guda 2 masu laushi. Idan iska ta taso daga huhu ta bi ta tsakaninsu sai su kaɗa, murya ta fito. Su ne kuma ke taimakawa wajen rufe hanyar iska lokacin haɗiya.

A hatsarin mota wuya kan bugi sitiyari, ko bel ɗin kujera ya shaƙe shi idan an ɗaura shi a wuya maimakon kafaɗa. Wani lokaci jijiyar da ke motsa tantanin ce ke raunata, sai gefe guda ya daina motsi. Har bututun numfashi da likitoci ke zurawa don ceton rai yana iya barin rauni.

Abin da ke damuna shi ne ciwon nan ba a ganinsa. Mutum ya fito daga mota da ƙafarsa, ana ta yi masa barka, alhali maƙogwaronsa na kumbura a hankali. Idan murya ta dushe, ko haɗiya na zafi, ko ruwa na sarƙe shi, ko yana tarin jini, a kai shi asibiti ranar. Idan numfashi na fita da ƙara, to gaggawa ce, kada a jira gari ya waye. Likitan kunne da hanci da maƙogwaro zai zura 'yar siririyar kyamara ta hanci ya duba. Idan ya ce a huta da magana, har da raɗa, domin ita ma tana wahalar da tantanin.

Sai batun diyya. Kamfanin inshora da kotu takarda suke bi, ba bakin mutum kaɗai ba. Ka roƙi likita ya rubuta cewa muryarka ta canza bayan hatsarin. Ka adana rahoton 'yan sanda, da lambar motar, da rasit ɗin magani, da sunayen shaidu. Tsoffin saƙonnin muryarka da ke cikin waya kada ka goge su, su za su nuna yadda kake magana a da. Malamin makaranta ko mai gabatarwa a rediyo ya rubuta kwanakin da ya rasa aiki.

Jijiyar da ta raunata kan ɗauki wata 6 zuwa 12 kafin a san ko za ta farfaɗo. Shi ya sa idan an kawo maka takardar sulhu da wuri, kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa sai lauya ya karanta maka, don wanda ya karɓi kuɗin sulhu da wuya ya iya komawa neman ƙari. Amma kada ka yi sakaci: dokar kowace ƙasa tana da wa'adin shigar da ƙara. Tambayi lauya tun farko.

Aikin gida: rubuta alamu 3 na raunin maƙogwaro, ka karanta wa na kusa da kai.